Da Tsohuwar Zuma Ake Magani



A watan Afrilun 2025 ne manhajar nan mai suna CBEX ta kulle da kuɗin jama'a. Alkawarin da ta yi wa masu zuba kuɗi shi ne za ta ninka musu abin da suka sa cikin kwana 30, wai wata na'ura mai ƙwaƙwalwa ce ke yi musu cinikin kuɗin kirifto dare da rana ba faɗuwa. Da aka wayi gari kowa ya ga asusunsa wayam, sai fusatattun mutane a Ibadan suka fasa ofishin kamfanin suka kwashe kujeru da na'urorin sanyaya ɗaki, wai da babu gara ba daɗi. Duk da haka masu manhajar ba su ji kunya ba, suka ce mai son a sako masa kuɗinsa ya sake biyan Dala 100 ko 200 don a tantance shi. Hukumar SEC mai kula da hada-hadar hannayen jari ta fito ta ce ita ba ta taɓa yi wa kamfanin rajista ba.

Duk wanda ya kai shekara talatin a yau bai kamata labarin ya zame masa baƙo ba. A watan Disambar 2016 haka MMM ta yi. Tsari ne na wani ɗan ƙasar Rasha, Sergei Mavrodi, wanda tun 1994 ya tafka irin wannan ta'asa a ƙasarsu, har daga baya aka ɗaure shi. Ya iso Najeriya da alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a kowane wata, Babban Banki ya yi gargaɗi, aka yi kunnen uwar shegu. Bayan da ƙura ta lafa, hukumar NDIC mai inshorar kuɗin ajiya ta ce kimanin mutum miliyan 3 ne suka yi asarar wajen Naira biliyan 18. Shi ma Mavrodi gado ya yi, domin tun 1920 wani Charles Ponzi ya yi haka a birnin Boston na Amurka, yana alkawarin kashi 50 cikin kwana 45. Dabarar ɗaya ce tun daga wancan zamani: da kuɗin wanda ya shigo yau ake biyan wanda ya shigo jiya, ranar da masu shigowa suka ragu kuma sai ginin ya rufta a kan na ƙarshe.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne waɗanda abin ya rutsa da su ba jahilai ba ne. Akwai ma'aikatan gwamnati, akwai malaman makaranta, akwai 'yan kasuwa, akwai ɗaliban da suka zuba kuɗin rajista. A cikin Hausawan da suka faɗa, da wuya a sami wanda bai san cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ba ne, ko cewa araha ba ta ado, ko cewa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Sun san su sarai, wasunsu har sun ci maki da su a jarrabawar Hausa. Ashe ana iya haddace hikima ta tsaya a fatar baki, ba ta gangaro aljihu ba. Mun mayar da karin magana kayan kwalliyar jawabi, abin da ake barbaɗawa a wajen walima ko taron siyasa don a tafa. Magabata kuwa kayan aiki suka ɗauke ta, kamar mudu a hannun mai awo.

Mu ɗauki guda ɗaya mu juya ta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Zomo dabba ce mai gudu da wayo, saboda haka idan ka gan shi kwance a gaban mai talla, to wani ya sha rana, ko ya ɗana tarko, ko ya saki kare. A cikin maganar akwai tambaya a dunƙule: wa ya kamo, kuma ta yaya? Kowace riba tana da mafari. Mai shinkafa ya saya da kaka ya sayar da bazara, tela ya ɗinka, direba ya ƙona mai ya kai fasinja. Wanda ya ce zai ba ka kashi 30 a wata, me yake sayarwa, wa ke saye? Lissafin ma ba ya buƙatar digiri. Naira dubu 100 da ake ƙara wa kashi 30 kowane wata, riba a kan riba, za ta haura Naira miliyan 2 da dubu 300 a shekara guda. Idan ninkawa ake yi duk wata kamar yadda CBEX ta ce, dubu 100 ɗin nan za ta zama Naira miliyan 409 da 'yan kai kafin shekara ta zagayo. Mai irin wannan na'ura, me zai yi da dubu hamsin ɗin ɗalibi? Ai da ya kulle ɗaki ya yi shiru, bankunan duniya ne za su zo su durƙusa masa.

Sai dai ban ɗauka kwaɗayi kaɗai ne ya ja mutane ba. Akasarinsu wani da suka yarda da shi ne ya shigar da su: abokin aiki, ƙanin miji, maƙwabciya, wani lokaci ma wanda ake sahu ɗaya da shi a masallaci. An nuna musu shaidar shigar kuɗi a waya, sun gani da idonsu. Wato da amana aka kama su, ita ce aka laƙa a bakin ƙugiya. Shi ya sa nake ganin ya kamata mu koma mu duba yadda magabata suka gina amana a harkar kuɗi, domin tasu tana da ginshiƙan da tamu ta rasa.

Wani masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya nazarci yadda Hausawa ke cinikin shanu da goro, ya wallafa littafinsa a 1969. Abin da ya ba shi mamaki shi ne dubun-dubatar shanu ake sayarwa a shekara, kusan duk a kan bashi, ba takardar yarjejeniya, ba banki, ba zuwa kotu. Falke zai taso daga Arewa da garkensa ya sauka a gidan mai gida. Mai gida ya ba shi masauki da abinci, ya haɗa shi da dillalansa, a sayar wa mahauta Yarabawa waɗanda falken bai taɓa gani ba, a kan za su biya bayan 'yan makonni idan sun sayar da nama. Me ya hana mahauci gudu da kuɗin baƙo? Mai gida ne ya tsaya. Idan mahauci ya gaza, daga aljihun mai gida za a biya. Saboda haka mai gida da dillalansa sun san kowane mahauci ciki da bai: inda rumfarsa take, shanu nawa yake iya yankawa, wa ke bin sa bashi, ya taɓa saɓa alkawari ko bai taɓa ba. Wanda ya ci kuɗin wani kuwa, kasuwa gaba ɗaya za ta juya masa baya har sai ya biya. Shi kansa mai gida ba shi da hanyar gudu. Gidajensa suna nan a Sabo, iyalinsa suna nan, jarinsa na gaskiya shi ne sunansa, kuma ranar da ya ci amanar falke ɗaya labari zai bi hanya har Kano da Maiduguri, fatake su sauya masauki.

A duba da kyau. Amanar nan tana da adireshi, tana da mai lamuni, tana da hukunci. Mutanen Sabo masu addini ne, amma ba su bar dukiyar baƙo a hannun kyakkyawan zato kawai ba. Sun ɗaure raƙuminsu sannan suka yi tawakkali, kamar yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wani sahabi. Yanzu a kwatanta da abokin da ya turo maka hanyar shiga manhaja. Ya san masu ita? Ya taɓa ganin fuskarsu? Idan kuɗinka ya maƙale, zai biya ka daga aljihunsa? La'ada yake samu a kanka, kuma shi ma yaudararre ne irinka, sai dai ya riga ka shiga. Ya ɗauki matsayin dillali ba tare da mai gida a bayansa ba. Da wani zai je kasuwar shanu ta wancan zamani da irin wannan ciniki, dariya za a yi masa.

MMM har rigar adashe ta ara. Ba ta ce zuba jari ake yi ba, cewa ta yi kana ba da taimako, kai ma a taimake ka. Duk macen da ta taɓa zubi ta san bambancin. Mata goma, kowace dubu 10 a wata, mai kwasa ta ɗauki dubu 100. Bayan wata goma kowace ta zuba dubu 100 ta kwashi dubu 100, in ban da ɗan abin da aka yarda a ba uwar adashe. Adashe ba ya haihuwa. Amfaninsa shi ne ya tara maka abin da hannunka ba zai iya riƙewa ba, kuma uwar adashe gidanta sananne ne, ana iya zuwa a yi mata sallama. Duk adashen da aka ce zai ba ka fiye da abin da ka zuba, to guminsa na wani ne da bai kwasa ba tukuna.

Sai batun lokaci, wanda a nan ne zamaninmu ya fi gajen haƙuri. Matasa suna jin labarin Alhasan Dantata, wanda ake ba da labarin cewa da aka buɗe bankin Turawa a Kano a 1929 ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma 20. Raƙuman ake tunawa, ba a cika lissafa shekarun da suka gabace su ba. An haife shi a Bebeji a wajajen 1877, mahaifinsa ya rasu yana yaro, wata baiwar Allah mai suna Tata ta rene shi, daga nan sunan ya samo asali. Ya taso cikin fataucin goro na Agalawa, a zamanin da ayari kan tashi daga ƙasar Hausa da kanwa da tufafi da jemammiyar fata zuwa Gwanja, tafiya da dawowa ta cinye rabin shekara ko fiye, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito, ga goron da sai an yi ta buɗe shi ana yayyafa masa ruwa ana tsince ruɓaɓɓe. Ranar da ya kai waɗancan raƙuma banki ya haura shekara hamsin a duniya.

Akwai kuma wani ɓangare na tarihinsa da masu wa'azin komawa jiya ba su cika ambata ba. Dantata bai rungumi jaki ya ce a nan aka bar mu ba. Yana cikin na farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar tekun ƙasar da ake kira Ghana a yau zuwa Legas. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suka sa rai za su kwasa, amma manoman Kano da tsofaffin fataken goro suka yi lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi, kuma daga 1912 gyaɗar ce ta mamaye tasha. Shi ma ya karkata can da wakilansa da sunan da ya riga ya gina. Abin da ya ɗauko daga magabata shi ne cika alkawari, da tsimi, da sanin mutane, da lissafi. Hanya da haja kuwa ya sauya su duk lokacin da zamani ya sauya. Ni a ganina wannan ita ce ma'anar riƙo da hikimar da, kuma ta sha bamban da ƙyamar sabon abu.

Ɗalibai da ke bibiyar wannan fili kada su ɗauka maganar ta 'yan kasuwa ce kawai. Ilimi ma yana da nasa CBEX ɗin. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sami takardar digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida, bai taɓa zama a aji ba, har ya shiga hidimar ƙasa da ita. A farkon Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, matakin da ya jefa har waɗanda suka yi karatun gaskiya a can cikin zullumi. A makarantar allo ba a wanke allo sai karatu ya zauna. A zaure kuma ɗalibi kan fara da Ahalari, ya wuce Ishmawi, ya shiga Iziyya, sannan Risala, malam ba ya ƙara masa sai ya ji ya riƙe na jiya. Tsarin yana da nasa naƙasu, wannan zance ne na wata rana, amma ya fahimci abu guda: sani ba ya shiga mutum sai da maimaici da daɗewa. Mai takardar mako shida zai iya samun aiki, amma ranar da aka ajiye masa fayil ko majiyyaci ko aji mai yara sittin, takardar ba za ta yi magana a madadinsa ba.

Na san abin da wani matashi zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce: Malam, ku kun yi zamanin da albashi ke kai wata. Ni da na gama jami'a shekara huɗu ba aiki, haƙurin me zan yi, tsimin me zan yi? Gaskiya ne. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta wuce Naira 1,500. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Mafi ƙarancin albashi ya koma Naira dubu 70 a Yulin shekarar, a daidai lokacin da buhun shinkafa ya haura haka a kasuwanni da dama. Wanda ya jefa Naira dubu 100 a asusu a farkon 2023 ya fasa bayan shekara biyu, kuɗinsa suna nan cif, amma abin da za su saya ya zaizaye ƙwarai. A irin wannan hali, wanda ya ce wa matashi ya yi ta tari kawai, bai ba shi shawara ba. Mutane da yawa ba son banza ne ya kai su ga manhajojin nan ba, tsoron ganin guminsu yana narkewa a hannu ne.

Kalmar haƙuri ma ta sha wahala a bakin waɗanda ba su cancanci furta ta ba. Ana cewa da ɗan fansho ya yi haƙuri, alhali wanda ya danne masa haƙƙi ne ke faɗa. Ana cewa da matar da ake zalunta ta yi haƙuri don kada a ji kan gida. Haƙurin da karin magana ke yabo na manomi ne, wanda ya shuka gero ya san sai ya yi wata uku, amma fartanya tana hannunsa kullum, yana noman fari yana maimai. Malam Aminu Kano da abokansa na NEPU sun fara gwagwarmaya tun shekarun 1950, an ɗaure da yawa daga cikinsu, an yi musu bulala, ba su ga gwamnati a hannunsu ba sai 1979 da PRP ta ci Kano da Kaduna. Wajen shekara talatin ke nan. Sun yi haƙuri, amma ba wanda zai ce sun yi shiru.

To, a kan batun tari fa? A nan ma idan aka tona za a ga kakanninmu mata sun riga mu gano matsalar. Asusun ƙasa na yara ne da 'yan canjin cefane. Dukiyar tsohuwa ta gaskiya tana ɗaure a turke: akuya mai ɗaukar ciki wata biyar, sau da yawa ta haifi biyu, da tunkiyar da ake kiwo don Babbar Salla. Tana jere a bango, kwanuka da tasoshin da za a kai ɗakin 'ya ko a sayar ranar buƙata. Tana kunne da wuya, 'yan kunne da sarƙar zinare. Tana cikin rumbu, damman gero da dawa da aka ajiye tun kaka. Ko shawarar da Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ba mutanen Masar a shekarun yalwa bakwai, ta barin hatsi ce a zangarniyarsa, yadda manomanmu ke yi har gobe. Duk cikinsu ba mai tara takardar kuɗi. Suna mayar da abin da suka samu zuwa wani abu mai haihuwa, ko mai riƙe daraja, kuma wanda suke gani da ido, suka san yadda yake aiki.

Fassarar wannan a yau ba ta da wuya. Ga wani keken ɗinki ne ko injin markaɗe, ga wani kuɗin koyon gyaran waya ko haɗa sola, ga wata 'yan awaki a gidan iyaye a ƙauye, ga mai ɗan ƙarfi fili mai takarda. Mai son abin da ya shafi takardun jari kuma yana gudun riba, tun 2017 Gwamnatin Tarayya ke fitar da sukuk da ake gina hanyoyi da kuɗinsa, ana ma kafa alluna a kan hanyoyin. Abin da yake bayarwa a shekara bai kai abin da MMM ta yi alkawari a wata ba, wani lokaci ma hauhawar farashi takan sha gabansa, amma an san mai gidan, an san zomon, an san wanda ya kamo shi. Kafin a miƙa wa kowane kamfani kuɗi, duba sunansa a jerin masu rajista da SEC aikin minti biyar ne a waya. Masu tallata irin waɗancan manhajoji a shafukan sada zumunta su ma su sani cewa sabuwar dokar zuba jari da aka sa wa hannu a Maris ɗin 2025 ta tanadi ɗauri da tara ga masu kafa tsarin da masu yi masa talla.

Akwai wani wuri da hikimar da take buƙatar a yi mata alƙalanci, wato inda kyawawan halaye biyu suka yi karo. Wani Bature mai suna Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewa ya kuma koyar a Zariya, ya gabatar da lacca a 1973 a kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki. Ya tsamo halaye goma daga maganganun Hausawa da kansu: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Jerin yana da daɗin karantawa, sai dai rayuwa ba ta kawo su a jere. Karamci yakan ce ka ba, hankali ya ce kuɗin makarantar yara ne. Ladabi yakan ce kada ka musa wa babba, gaskiya ta ce abin da ya kawo maka damfara ce. Nawa ne suka zuba kuɗi a inda zuciyarsu ba ta kwanta ba, don kawai suna jin nauyin wanda ya kawo tallar? Ina ganin shi ya sa Bahaushe ya sa hankali a cikin jerin, domin shi ne mai raba gardama idan sauran sun kaure.

Inda wannan karo ya fi yi mana ɓarna shi ne bashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kansa ta sauka, kuma ta yi umarni a rubuta shi da wa'adinsa, ƙarami ne ko babba, a kafa shaidu. Kowane ɗalibin Islamiyya ya san da ita. Amma je ka ce wa yayanka ko surukinka ya sa hannu a takarda don ka ranta masa dubu 200, ka ga yadda fuska za ta sauya: ashe ba ka yarda da ni ba? Sai kunya ta rinjayi umarni, a ba da kuɗi a tsaye a ƙofar gida, ba shaida, ba rana. Bayan shekara mai bayarwa yana cewa rance ne, mai karɓa yana cewa ai taimako ne, matansu sun daina gaisawa. Ga abin da ya biyo baya: da yake mutane sun sha ƙonuwa, masu hali sun daina ba da rance, sai mabuƙaci ya koma ga manhajojin bashi na waya. Su kuwa sun gane lagonmu sarai. Ka yi jinkirin kwana biyu, sai su tura saƙo ga duk lambobin da ke wayarka, har surukai da shugaban wajen aiki, suna kiranka ɓarawo, abin da ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. Kunyar da ta hana mu rubutu tsakaninmu, ita ce bulalar da baƙo ke dukanmu da ita.

Duk wanda ke halartar jana'iza ya saba jin sanarwar da ake yi, cewa mai bin mamaci bashi ya zo ya ga iyalinsa. Asalinta mai ƙarfi ne, domin ya tabbata cewa an taɓa kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gawar wani mai bashi, bai sallace ta ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Amma ka tambayi alƙalan kotunan Musulunci da masu rabon gado abin da ke biyo bayan sanarwar. Wani ya zo ya ce yana bin miliyan biyu, ba takarda, ba shaida, magada marayu ne, wanda zai gaskata ko ya ƙaryata yana kabari. Ko a biya wanda ba ya bi a cuci marayu, ko a hana mai gaskiya a bar mamaci da nauyi. Mutanen Sabo da suka yi ciniki ba takarda suna da kasuwa guda da kowa ya san kowa, da dillalai da suka shaida kowane ciniki. Mu da muke tura kuɗi ta waya tsakanin Kano da Abuja da Fatakwal ba mu da wannan.

Takardar ba ta buƙatar lauya. Sunan mai bayarwa da mai karɓa, adadin kuɗi da lamba da kuma harafi, ranar bayarwa, ranar biya, sa hannun shaidu biyu, sannan kowa ya ɗauki hotonta a wayarsa. Idan kaya ne aka bayar, kamar buhun masara ko taki, a rubuta ko kaya za a mayar ko kuɗi, domin a wannan zamani na tashin farashi nan ne rigima ta fi ɓarkewa. Ya fi kyau mai karɓa ya riga neman a rubuta, don ya sauke wa mai bayarwa nauyi. Wanda kuma ya ji ba zai iya buɗe baki a gaban yayansa ko surukinsa ba, ya jingina maganar ga ayar, ya ce ba shi ya faɗa ba. Ban taɓa ganin wanda ya iya musa wannan a gaban mutane ba.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.